Kada Mu Sayar Da Lambar Kaka

A wannan wata muna so mu jawo hankalinku kan ƙananan lambobin tagulla da ke cikin adakar tsofaffinmu, waɗanda dillalan kayan tarihi ke bi gida-gida suna saye da kuɗi kaɗan. Akwai masu tara irinsu a Turai, shi ya sa ake nemansu.

Kowace lamba tana faɗin rundunar da mai ita ya yi wa aiki. In kun ga ƙugiyar tsai da jirgin ruwa, to sojan ƙasa ne na Faransa, cikin waɗanda ake kira Tirayer Senegale, masu jar dara. Gwamna Faidherbe ne ya kafa su a 1857. Sunan Senegal kawai suka ɗauka, amma har da Mosawa da Hausawa da Zabarmawa a cikinsu.

In kuwa itacen kwakwar manja ne da haruffan RWAFF a ƙasansa, to sojan Ingila ne. Da yawa daga nan sun gangara Kumasi neman aiki, suka shiga rundunar Gwalkwas, wato Gana ta yau, wadda kirarinta da Hausa ne: Kullum Shiri. Waɗanda aka kai Bama yaƙi da Japan suna da alamar ƙyalle a kafaɗa. Ta runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, ta runduna ta 82 kuma masu biyu ne gicciye a kan gammo. Duka biyun a 1943 aka haɗa su.

Mun san abin da ya faru a 2003, da aka rushe Zangwetin saboda shirin ZACA. Cikin gaggawar tashi, gidaje da dama sun rasa takardu da hotunan iyayensu. Abin da ya tsira bai kamata ya tafi a farashin goro ba.

Shawararmu ita ce, a sami littafi a rubuta sunan mai lambar, da garinsu, da shekarar da aka ɗauke shi, da inda ya yi yaƙi, tun tsofaffin da suka ji daga bakinsa suna da rai. A ajiye ta tare da takardar sallamarsa. Kada a goge ta da toka ko yashi, rubutun kanta yakan share. Yara kuma a nuna musu, su kwafa a littafinsu.

Allah Ya jiƙan mazan jiya. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.