Ba Kowane Kore Ne Alheri Ba



Mu nan idan wuri ya yi kore murna muke yi, domin hamada ce abokiyar gabarmu. Amma a can ƙarshen arewacin duniya, wato Alaska da arewacin Kanada da Siberiya ta ƙasar Rasha, koren da ke ƙaruwa alamar ciwo ne.

Filayen can ana kiran su tundura. Saboda tsananin sanyi bishiya ba ta girma, sai gajerun ciyayi da gansakuka. Yanzu ɗumamar yankin ta fi ta sauran duniya sauri sosai. A watan Yunin 2020 zafi ya kai digiri 38 a garin Bekoyansk na Siberiya. Shi ya sa ƙananan itatuwa suke ƙara tsawo suna mamaye filayen.

Wani zai ce ai ƙaruwa aka samu. Ni ban yarda ba. Itatuwan suna danne gansakukar da barewar rendiya ke ci lokacin sanyi, alhali da wannan dabba makiyayan Nenet da Sami suke rayuwa. Sannan farar ƙanƙara tana mayar da hasken rana sama, su kuwa itatuwan da suka zarce ta tsawo shan zafin suke yi. Idan daskararriyar ƙasar ta narke, sai ta saki iskar da ke ƙara ɗumama duniya, har da garinmu.

Saboda haka ina roƙon malamanmu su riƙa kawo wannan batu a aji. Mu kuma mu daina ƙona tayoyi da leda, mu kula da bishiyoyin makarantarmu. Allah Ya sa mu gyara.