Rafi Ba Ya Jiran Takarda Daga Dutse

Duk wanda ya yi makaranta a Birnin Kudu, da wuya a ce bai taɓa leƙa Dutsen Habude ko Dutsen Mesa ba, inda mutanen dā suka zana shanu a jikin duwatsu. Tun shekarun 1950 masana ke rubutu a kan zanen nan. Abin lura shi ne, cikin shanun da aka zana akwai masu dogon ƙaho marasa tozo, irin waɗanda yau ko an zaga kasuwannin Jigawa kaf ba za a ga ko ɗaya ba. Sun shuɗe, sai hotonsu. To, ga shi a zamaninmu gauraka, wadda ake kira tsuntsuwar Nijeriya, ta kusa ƙarewa a ƙasar nan, har yawancinmu a littafi kaɗai muka san ta. Zabon daji da fakara da guza kuwa suna bin sawunta, mu kuma muna kallo.

Maganarmu a yau a kan rafi ce, domin rayuwar waɗannan halittu a bakinsa take. Kusan kowane ƙauye a ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram yana da nasa. Da damina ya cika ya batse, da rani ya bar gurabu masu zurfi inda tarwaɗa da ƙarfasa suke fakewa, mata kuma su tona yashi kamu ɗaya ko biyu su sami ruwan sha. Dattawanmu sun san gaɓarsa da duhuwar giyayya da ɗinya da kanya da ɓaure. Yau fa? An sare itatuwan an yi gawayi, an kai garma har bakin ruwa, tifofi suna kwashe yashi dare da rana, leda ta toshe kowace magudana. Wasu suna zuba guba a gurbi don su kwashe kifi rana ɗaya, wasu sun mai da gidan sauro koma, ba ya barin ko ƙwai. Sa'an nan da kaka ta wuce a cinna wa ciyawar gaɓa wuta saboda gafiya ɗaya.

Ba sai an yi digiri ba kafin a gane abin da ke biyo baya. Saiwar itace ita ke riƙe gaɓa, ciyawa kuma ita ke rage wa ruwa gudu har ƙasa ta sha. In babu su, ruwan sama yakan taho gaba ɗaya, ya zaizaye gona, ya cike gurabu da yashi. Watau da damina ambaliya, da rani ƙishirwa. Mutanen Gwaram ba su manta da watan Agusta na 2021 ba, sa'ad da wata mota ta afka gadar da ruwa ya karya a Radabi, mutum 21 suka rasa rayukansu, Allah ya jiƙansu. Ba mu ce saran itace kaɗai ya karya gadar ba. Amma lalle ruwan da bai sami abin da zai tare shi a daji ba, a kan hanya da gidaje yake huce haushinsa.

Kada kuma mu ɗauka abin ya tsaya a kanmu. Ruwan da ke gangarowa daga yankinmu akasarinsa Kogin Jama'are yake nufa, wanda a can sama ake kira Bunga. Shi Kogin Haɗejiya an riga an ɗaure shi da madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, alhali kuwa Jama'are har yanzu yana gudu yadda Allah ya yi shi, tun da madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana zancenta ba ta tabbata ba. Waɗannan koguna biyu su ke shayar da fadamar Haɗejiya da Nguru, inda tsuntsaye ke zuwa cin rani tun daga Turai, inda kuma dubban masunta da manoma da makiyaya suke neman abinci. Saboda haka wanda ya ɓata rafi a Iggi ko Basirka ya taɓa tukunyar mutumin Gashuwa, ko da bai san shi ba.

A wannan fadama ce muka ga abin koyi. Da ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta shanye gonaki, ta zama maɓoyar jan baki, mutanen ƙauyukan ba su zauna jiran injin gwamnati kaɗai ba. Sun yi gayya, suka shiga ruwa da lauje da adda suna sharewa. Aiki ne mai wuya, kuma kacala takan dawo, amma inda aka buɗe ruwa ya wuce. Haka kuma a ƙasar Maraɗi, daga 1983 manoma suka fara abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututture, sai a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Ta haka aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin hekta wajen miliyan 5 a Jumhuriyar Nijar, kusan ba tare da dashe ba. Hausawa ne irinmu, kuma ruwan samansu bai kai namu ba.

Mu fa 'yan boko me muka yi? Mun iya bikin dashen itace. A kafa rumfa, a yi jawabi, babban baƙo ya dasa darbejiya ɗaya a ɗauki hoto, bayan mako biyu awaki su gama da sauran. Darbejiya ba ta yi laifi ba, ta yi mana inuwa a gari tun da aka kawo ta daga Indiya. Amma gaɓar rafi 'yan gida take so, kuma yawancinsu suna nan a ƙasa da ransu, kututture ne mai jiran a ƙyale shi.

Mun san abin da za a ce mana, kuma akwai gaskiya a ciki. Talakan da ke ƙona gawayi ba mugunta ta sa shi ba, yunwa ce, kuma mu da muke saye a birni ba mu da bakin yi masa wa'azi. Don haka duk gayyar da ta fara da hani ta mutu tun ranar. Sai a bi ta hannun mai unguwa da dagaci, a zauna da sarkin ruwa da maharba, domin su suka san lokacin da kifi ke ƙwai da inda zabo ke saƙa. A kira Fulani makiyaya tun farko, a fitar musu da mashaya, kada a yi shinge a kan burtali a tayar da fitinar da ta fi ta ruwa. Mai tifa kuwa ba talaka ba ne. A nan ne muke tuna wa 'yan'uwanmu sababbin ma'aikata na ƙananan hukumomi da ma'aikatar muhalli cewa takardar izinin ɗibar yashi ta kan teburin wani take bi, kuma wannan wanin yana iya zuwa ya ga wurin da idonsa kafin ya sa hannu.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Kowace ƙungiyar ɗalibai ta gari ta zaɓi rafi ɗaya, ta ɗauki kilomita ɗaya tak. A fara da zagayawa tare da dattawa, a rubuta inda gurabu suke dā da irin itatuwan da ke wurin, domin wannan ilmi ba ya cikin laburaren jami'a. A roƙi masu gonaki su ja da baya taki goma daga bakin ruwa, a gyara kututturan da suka tsiro, a jera duwatsu a bakin kwazazzabai, a kwashe leda. Wanda ya karanta aikin gona ko injiniya, ga inda zai gwada abin da ya haddace. Aikin duwatsun kuwa da bazara ake yinsa, kafin ruwan fari ya sauka, saboda haka duk ƙungiyar da ta yarda sai ta aika wa dagacinta tun yanzu, a sa rana.