Tambaya ɗaya da jaruman fim ba sa yi

'Yan uwa mazauna Ajegunle, Agege da sauran unguwanninmu na Legas.

Duk mai bibiyar fina-finan Hausa masu dogon zango ya san irin wannan fitowa. Mace ta taho da tiren abinci, ta iso bakin ƙofa, sai ta ji maigida yana waya yana cewa kada a bari ta sani. Ta laɓe, ta ji rabin zance, ta juya da hawaye. Ba za ta tambaye shi ba. Ƙawarta za ta kira, ƙawar ta ƙara gishiri, a kwashe makonni ana rikici, daga baya a gano ashe da ƙanwarsa yake magana a kan wata kyauta da zai yi wa ita matar.

Ban ga laifin marubutan ba. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau sana'ar ta sauya. Tashar Arewa24 ta zo a 2014, sannan a 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So suka nuna cewa mutane za su jira shiri ɗaya mako bayan mako. Labari mai tsawo haka dole a nema masa makamashi, kuma babu makamashi mai arha kamar rashin fahimta. Da matar nan ta ce "Maigida, da wa kake magana?" da fim ya ƙare tun ba a je ko'ina ba.

Damuwata mu ne masu kallo. Da yawanmu a nan iyalinmu suna Kano, Katsina, Sakkwato ko Maraɗi, auren kuwa a waya yake tafiya. Rubutun WhatsApp ba shi da fuska, ba shi da murya. "Sai ka ga dama" yana iya zama zolaya, yana iya zama fushi, wanda ya karanta shi ne zai zaɓa gwargwadon halin da ya tashi da shi. Magidanci ya maƙale a cunkoson hanyar Apapa zuwa Oshodi, cajin waya ya ƙare, can gida kuma an riga an fassara shirun nasa da wulaƙanci. Mafi muni shi ne saƙon murya da aka tura daga hannu zuwa hannu. Ba ka ji abin da aka faɗa kafinsa ba, ba ka ji na bayansa ba. Wannan ai laɓe ne, bambancinsa da na fim kawai babu labule.

Wani zai ce ai kunya da kara ne suke hana mu tambaya. Ban yarda ba. Gaskiya ne Bahaushiya ba ta kama sunan mijinta ko na ɗan fari, ɗa kuma ba ya haɗa ido da mahaifinsa. Amma iyayenmu da suka kafa wannan kunyar sun bar wa magana ƙofofi. Abin da yarinya ba za ta iya faɗa wa uba ba, kaka tana nan, abokiyar wasa ce. Akwai gwaggo, akwai waliyyi, akwai aminin uba da ake aikawa. Waɗannan mutanen ne fim yake yawan ragewa, don idan suka shigo da wuri sun kashe wutar, sai a maye gurbinsu da ƙawa mai zuga ko boka. Yaranmu da aka haifa a nan, waɗanda Yarbanci da Turancin buroka suke ji a waje, wani kaso mai yawa na Hausarsu daga allon waya suke ɗaukarsa. Idan abin da suka gani ke nan, za su taso suna zaton Bahaushe hanya biyu gare shi, ko ya haɗiye magana ko ya fashe.

Shi ya sa Kamaye da Adama na Daɗin Kowa suke burge ni duk da yawan cacar bakinsu. Abin da ke ransu a fili yake, a yi ta a wuce.

Haka abin yake tsakaninmu da maƙwabta. Bayarabe yana ɗaga murya cikin hira ba don faɗa ba, mu sai mu ji kamar tsawa. Yaronmu ya sunkuyar da kai don ladabi, mai shago ya ɗauka rashin gaskiya ne. Rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021 daga cacar baki ya faro, kafin a ankara an yi asarar rayuka da dukiya, kuma labaran da suka yi ta yawo a waya sun ƙara rura shi.

Ba cewa nake a daina kallo ba, nima ina kallo. Amma idan aka zauna da yara aka zo wurin laɓen nan, a tsayar da fim ɗin a tambaye su: me ya kamata ta ce masa? Wa ya kamata ta je ta samu? Wanda kuma aka turo masa saƙon murya wai wane ya ce kaza a kansa, ya kira wanen ya ji daga bakinsa kafin ya tura wa mutum na uku, ko ya nufi wurin dattawa da ƙara.