Don Tuwon Gobe Ake Wanke Tukunya

A ƙasar Faransa an yi wani ɗan gidan sarauta, La Rochefoucauld, wanda aka haifa a birnin Paris a shekarar 1613, ya rasu a 1680. Yana cikin manyan da suka tayar wa fadar sarkinsu kayar baya, har aka harbe shi a fuska a shekarar 1652, saura ƙiris ya makance. Da ƙura ta lafa sai ya ajiye takobi ya ɗauki alƙalami. A shekarar 1665 ya fito da wani ɗan littafi na gajerun zantuttukan hikima, masu kama da karin magana. Ya yi ta gyara shi har bugu na biyar a 1678, mai ɗauke da zance 504.

Abin da littafin ya ƙunsa bai wuce wannan ba: yawancin abin da mutane ke kira kirki, in an tona, son kai ne ya yi shigar burtu. Bahaushe dai bai jira Bafaranshe ba, tun tuni ya ce so duka so ne, amma son kai ya fi.

To, mai son ya gwada maganar nan ba sai ya je Paris ba. Ya isa ya leƙa Doma, garin Alago da ke kusa da Lafiya a Jihar Nasarawa, ƙasar doya da riɗi da shinkafa. A irin wannan ƙasa ta noma taimako iri biyu ne.

Na farko shi ne gayya. Yau a taru a gonar wane, gobe a gonar wane. Kowa ya san don tasa gonar ya ɗauko fartanya, ba kuwa wanda ya ɓoye haka. Wannan son kai ne mai tafiya da rana tsaka, kuma kowa yana cin moriyarsa.

Na biyu shi ne na mai kuɗin da ke zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ya zo da fara'a, ya miƙa kuɗi, ya ce ai zumunci ne. Ran da kaka ta yi sai ya turo mota a kwashe buhuna a kan farashin da shi ya yanka tun amfanin yana kore. Manomi ya yi godiya da damina, ya yi kuka da kaka.

Inda Bafaranshen ya zarce shi ne ya kusa ɗauke kirki daga duniya baki ɗaya, alhali akwai masu yi don Allah. Amma gargaɗinsa yana da amfani ga talaka. Duk wanda aka kawo wa alheri da damina, ya tambayi buhu nawa zai biya da kaka, a gaban shaidu, kafin ya miƙa hannu.