Kyautar Tseren Mota: A Raba Ta Yadda Kowa Zai Dawo Baɗi

Duk wanda ya daɗe da zama a Unguwar Mu'azu ta Kaduna, kamar yadda na daɗe, ya san wata ƙara da ba ta bukatar tafinta, wato ƙarar taya tana gurzar kwalta da yammacin Asabar, sa'ad da ayarin 'yan kai amarya ya hau titin Baifas, samari suka karɓi sitiyari daga hannun manya, wannan ya taka totur ya ja birkin hannu har motar ta juya kamar katantanwa, wancan ya fito da rabin jikinsa ta taga, alhali kuwa tirela da tankar mai suna tafe a bayansu, ba su san ana biki ba. Iyaye sun yi faɗa, limamai sun yi huɗuba, jami'an kiyaye haɗurra sun kama wanda suka kama, amma abin bai gushe ba, domin sha'awar gudu daɗaɗɗiya ce a ƙasar nan. Kakanninmu sun yi ta a kan doki, jikokinsu kuwa suka tashi suka tarar da mota. Ra'ayina, wanda na jima ina jujjuya shi a rai, shi ne a ɗauke wannan sha'awa daga titin jama'a a kai ta fili mai shinge, a kafa mata gasa ta ƙasa ta 'yan dagaji, wato masu tuƙi don sha'awa waɗanda ba da tsere suke ciyar da iyalinsu ba. Abin da kuma zai cika wannan fili da motoci, ko ya bar shi wayam, shi ne yadda masu ɗaukar nauyin gasar za su tsara kyautar da za su bayar.

Kada wani ya ce wannan baƙon al'amari ne a wurinmu. A nan Kakuri ne kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma a wannan shekarar ce Fijo 504, wadda muka sani a tashoshinmu da gidajen ma'aikatanmu, ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya, wanda ake lissafawa cikin mafiya wuyar tsere a duniya. Lokacin da aka fara tseren Faris zuwa Dakar a ƙarshen 1978, ta Agadas da Yamai motocin suka ratsa, 'yan'uwanmu na Nijar suna tsaye a bakin hanya suna kallo. Mu ma muna da namu, domin tun a shekarun 1970 aka haɗa tseren motoci da bikin kamun kifi na Argungu, bikin da asalinsa ya koma ga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934. Kuma da aka farfaɗo da bikin a watan Maris na 2020, bayan kimanin shekara goma ba a yi ba, hukumar bunƙasa ƙirar motoci ta ƙasa, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta taso da ayarin motocin da aka harhaɗa a Nijeriya daga Abuja har zuwa Argungu. Tarihi dai muna da shi. Abin da ya gagare mu shi ne ɗorewa, a yi bana a yi baɗi a yi baɗin baɗaɗa, har yaron da ya tsaya kallo ya girma ya shiga.

Dalilin rashin ɗorewar nan yana da alaƙa da yadda muka saba ba da kyauta. Al'adarmu ita ce a tara alherin duka a kan mutum guda, domin a ji amonsa a rediyo. A bikin Argungu na 2020 wanda ya kama kifi mafi girma, mai nauyin kilo 78, ya tafi gida da naira miliyan goma da motoci biyu da kujerun Makka biyu, kuma babu mai yi masa hassada, Allah ya sanya albarka. Sai dai masunci yana faɗa wa kogin Matan Fada da koma da gora, in bai dace ba abin da ya rasa yini guda ne da kuɗin mota, gobe sai ya koma sana'arsa. Mai tseren mota kuwa, tun kafin a ɗaga tuta ya riga ya kashe abin da zai riƙe gida wata da watanni. Ya sayi tayoyi waɗanda ba za su kai yamma ba, ya juye baƙin mai, ya sake birki da kuloci, ya sa an walda masa ƙarafan kariya a cikin motar, ya sayi hular kwano da bel mai ƙarfi, ya ɗauki bakanike ya ciyar da shi ya kwantar da shi, sannan ga fetur, wanda tun da aka janye tallafinsa ranar 29 ga Mayu, 2023, ya zama abin da ake zubawa da lissafi. Idan mutum talatin suka yi wannan ɗawainiya, aka miƙa wa guda ɗaya makullin sabuwar mota, sauran ashirin da tara suka koma gida da bashi da motocin da suka sha wuya, to baɗi waɗanda za su dawo su ne 'yan kaɗan da suke ganin za su iya ci, kuma waɗannan galibi 'ya'yan masu hali ne. Shekara biyu ko uku sai fili ya zama na mutum biyar, 'yan kallo su gaji, mai ɗaukar nauyi ya ga babu riba ya janye, samarinmu kuma su koma Baifas.

Mutanen Amurka, waɗanda suka daɗe a wannan harka, sun bi wata hanya da ta cancanci a yi nazarinta. Ƙungiyarsu ta masu tsere don sha'awa, wadda ake kira SCCA, an kafa ta a 1944, kuma tun 1964 take shirya gasar ƙasa ta shekara-shekara inda ɗaruruwan direbobi, waɗanda akasarinsu ma'aikata ne da 'yan kasuwa da masu gareji, suke haɗuwa. Yawancin abin da waɗannan mutane suke samu daga kamfanoni yake fitowa, bisa sharaɗi sananne: kamfanin mota irin su Mazda, ko na taya irin su Hoosier, yakan shelanta tun farkon shekara cewa duk wanda ya yi rajista da shi, ya yi tsere da kayansa, ya manna tambarinsa a jikin mota, to in ya zo a matsayi kaza yana da kaza, ko dai kuɗi, ko tayoyi, ko takardar karɓar kayan gyara. Kyautar takan sauko har ƙasa da na ɗaya, kuma sau da yawa takan ƙaru gwargwadon yawan motocin da suka shiga rukunin, har direba ya zama yana roƙon abokin hamayyarsa ya zo. Ba wanda yake yin arziki da wannan, hasali ma da wuya ta mayar wa mutum abin da ya kashe. Amma tayoyi biyu da ya samu yau su ne suke sa ya iya fitowa tsere na gaba, kamfanin kuma ya sayar wa mutum hamsin taya domin ya ba goma kyauta. Kowa ya ci moriya, shi ya sa abin ya rayu fiye da shekara hamsin.

Mu da muka tashi a zaure gaban malamai muna da asali wanda ya girmi na Amurka nesa ba kusa ba. Ya tabbata a hadisin Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tsere tsakanin dawakin da aka horar har suka zubar da ƙiba, daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, tazarar mil biyar ko shida, sannan ya shirya wani tseren daban domin dawakin da ba a horar ba, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, tazarar kimanin mil guda. Dubi hikimar da ke cikin wannan: mai dokin da bai horu ba shi ma an yi masa nasa fage da tasa tazarar daidai ƙarfinsa. Fuƙaha'un mazhabarmu kuma, a babin musabaƙa, sun halatta kyauta a tseren doki da raƙumi da harbin kibiya, suka bayyana cewa mafi tsarkinta ita ce wadda wani na gefe ya bayar don raɗin kansa, shugaba ne ko attajiri, alhali idan masu tseren ne kowa ya zuba nasa domin wanda ya tsere ya kwashe, to an shiga hurumin caca. Ƙiyasta mota a kan doki aikin malamai ne, kuma wajibi ne masu shirya gasa su zauna da su tun farko. Amma darasin a fili yake, cewa kada a riƙa tara kuɗin shiga daga aljihun samari a mayar da shi kyauta. Kuɗin shiga ya tsaya ga hidimar fili da motar asibiti, kyauta kuwa ta fito daga mai ɗaukar nauyi.

Ko a filin Murtala, wanda asalinsa filin sukuwa ne, muna ganin wannan tsari a wasan folo. Kofin Georgian na gwanaye ne, amma akwai kofuna a ƙasa da shi domin matsakaita da masu tasowa, kuma kowane ɗan wasa yana da ma'aunin gwanintarsa da ake lissafi da shi wajen haɗa ƙungiya. Da kofi ɗaya ne tak, da wasan bai kai shekara ɗari a Kaduna ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙon masu kuɗin da za su shiga wannan harka, ko masu harhaɗa motoci ne a Kakuri da hanyar Abuja, ko dillalan taya da baƙin mai, ko bankuna da kamfanonin sadarwa. Abin da za ku ba na ɗaya kada ya wuce sulusin abin da kuka ware; ragowar a shimfiɗa shi har zuwa na goma, a kuma cire wani kaso na kuɗin mai da za a ba duk wanda ya kawo motarsa ta tsallake bincike ya kuma tashi daga layi, wanda ya zo daga Sakkwato ko Maiduguri a ba shi fiye da na Tudun Wada, gwargwadon nisansa. A raba motoci rukuni-rukuni bisa girman inji, a keɓe rukuni guda na tsofaffin motocin da talaka yake iya saye, a hana yi musu gyare-gyare masu tsada, domin hannun direba ya zama shi ne alƙali. A sa kyauta ta musamman ga wanda ya halarci dukkan tsere na shekara ko da bai taɓa cin ko ɗaya ba, domin irinsa su ne ginshiƙin gasa. Kuma kada a manta da bakanike. Mutanen Panteka, waɗanda suke iya tayar da injin da mai shi ya riga ya yanke ƙauna, da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke maƙwabtaka da su, su ne za su fi kowa cin amfanin wannan fage. Akwatin sifanu da na'urar binciken inji da aka ba garejin da motarsa ta gama tsere ba tare da ta tsaya ba za su yi wa unguwa aiki shekara goma.

Sharuɗɗa biyu ne za su tsare wannan tsari. Na farko a kan mai bayarwa yake, domin alkawari kaya ne: a rubuta kyautar a shelanta ta tun kafin a buɗe rajista, a ɗaure ta na shekara uku a ƙalla, a kuma biya ta a ranar, gaban jama'a, domin ba a fafe gora ranar tafiya, mai gyara motar tsere yana bukatar watanni, kuma ba zai ci bashi a kan maganar da za a iya janyewa bayan zaɓe ba. Na biyu a kan mai karɓa yake: sai mai lasisi, sai motar da aka bincika, kuma duk wanda aka tabbatar ya yi wasan mota a titin jama'a ya rasa haƙƙinsa na wannan shekarar baki ɗaya. Saurayin da bai ji tsoron tara ba, zai ji tsoron a cire sunansa daga jerin gwanaye, abokansa kuma su ne za su fara riƙe masa hannu a wurin biki.

Na san akwai dattawan da za su ce, a lokacin da buhun masara yake neman gagarar magidanci, ƙona fetur don gudu israfi ne, kuma ban raina wannan magana ba, domin mai faɗinta tausayin talaka ne ya sa shi. Amsata ita ce fetur ɗin ana ƙona shi yanzu haka, a kan hanyar da 'ya'yanmu suke tsallakawa zuwa Islamiyya, ba hular kwano, ba likita, ba wanda ya koyi komai. Kuɗin da kamfanoni za su bayar kuwa kuɗin talla ne wanda da ma za su kashe a allunan bakin titi. Tunkuɗe ɓarna da jawo maslaha duka biyu suna tare a nan, matuƙar ba a sa wa gwamnati nauyin da ya wuce ba da fili da tsaro ba.

Akwai wani yaro a layinmu, ɗan koyo ne a gareji, wanda yake gane ciwon inji da kunne tun kafin a buɗe bonet, kuma na taɓa ganinsa a bayan sitiyari ranar wani biki, na kwana ina yi masa addu'a. Ba zai taɓa tsere wa ɗan attajiri mai sabuwar mota ba, kuma idan kyautar ta na ɗaya ce kaɗai, ba zai ko sayi takardar shiga ba. Amma idan ya san cewa tsohuwar Golf ɗin maigidansa tana da nata rukuni, za a mayar masa da kuɗin mai, kuma na bakwai ma yana komawa gida da taya biyu, to zai zo bana, baɗi ya zo da ƙaninsa, mahaifiyarsa kuma ta daina firgita duk Asabar ɗin da ta ji ƙarar taya daga Baifas. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya kuma ba masu hali ikon bayarwa da hikimar rabawa.