Kafin Sufeto Ya Iso Makarantarmu

'Yan'uwa, duk sa'ad da takarda ta fito daga Ma'aikatar Ilimi cewa masu duba makarantu suna tafe, mun san abin da yakan biyo baya a makarantun firamare na ikilisiyoyinmu da dama. A shafa wa bango farar ƙasa, a kwaso bencina daga majami'a a jera a aji, hedimasta ya kwana yana cike rajistar da ta yi wata uku ba a buɗe ba. A wasu wurare har aron malami mai takardar NCE ake yi, ya tsaya gaban allo na yini ɗaya.

Sufeton da ya san aikinsa ba ya ruɗuwa da wannan. Yana gane rajistar da aka cike da biro ɗaya a dare ɗaya. Zai gwada littafin yaro da shirin darasin malami, sa'an nan ya kira yarinya 'yar aji uku ta karanta masa layi biyu. Idan ta kasa, bencin aro ba zai cece mu ba.

Abin da hukuma take nema ba a ɓoye yake ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta sa NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar koyarwa, ta kuma ce malami ɗaya ga yara 35. Tun 1993 aka yi dokar da ta kafa TRCN, hukumar rajistar malamai. Sai takardar amincewa da makarantar, da ruwan sha, da bayan gida na 'yan mata dabam da na maza. Wannan na ƙarshe shi muka fi sakaci da shi, alhali kuwa bai kai kuɗin bikin godiya ɗaya ba.

Dattawanmu suna tune da yadda gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, da irin wahalar da aka sha kafin a sake kafa waɗanda muke da su yau. A inda muke 'yan kaɗan, idan aka rufe makaranta ɗaya, yara da yawa gida za su zauna. Don me za mu ba da hujja da hannunmu?

Batun ambulan kuwa, kada ma a kawo shi gaban kwamiti. Kuɗin baiko ba na toshiyar baki ba ne, kuma yaran da muke koya wa gaskiya suna kallonmu.

Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta zaɓi mutum biyu, ɗaya daga zumuntar mata, su shiga azuzuwa sau ɗaya a wata ba tare da sanarwa ba. Su duba rajista, su saurari karatu, su tambayi malamai ko an biya su albashi, gama malami mai takarda ba ya zama inda ake riƙe masa wata biyu. Abin da ba mu da shi, hedimasta ya faɗa wa sufeto a fili, ya nuna masa ranar da kwamiti ya sa don gyarawa.