Bashin da Alƙalaminmu Ya Ƙi Biya

Duk wanda ya nazarci ƙagaggun labaranmu na Hausa zai tarar da wani giɓi mai ban kunya. Bahaushe ya daɗe yana fatauci a Fatakwal da Anacha da Inugu, ya kafa masallaci a unguwar Asata, ya haifi 'ya'ya a can, amma maƙwabcinsa Kirista bai samu gurbin kirki a adabinmu ba. In ma ya leƙo, ko dai ya fito a matsayin mai kantin kayan gyaran mota da ake kwaikwayon Hausarsa a yi dariya, ko kuma abin tsoro. Hatta sunan da muka laƙaba masa, Inyamuri, daga roƙon ruwa a harshensa muka ciro shi, muka mayar da ƙishirwar mutum abin ba'a.

Tarihi kuwa bai yi mana rowar abin rubutawa ba. A shekarun 1950 mutanen Inugu, waɗanda akasarinsu Kiristoci ne, suka zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatanin Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garinsu na farko. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 limaman coci da mata masu hidima sun zauna cikin yunwar da ke kashe jama'arsu suna raba abinci da magani, jiragen agaji na coci-coci suna sauka cikin duhu a Uli, wasu matuƙan suka rasa rayukansu. Ladar da da dama cikin Turawan mishan suka samu a 1970 ita ce kora daga ƙasar. A Fabrairun 2006, da aka huce haushin kashe-kashen Maiduguri a kan 'yan'uwanmu a Anacha, dubbai suka tsere zuwa bariki ko suka haye gada zuwa Asaba. Cikin waɗanda suka dawo gida akwai masu ba da labarin maƙwabcin da ya kulle su a ɗakinsa, alhali shi ma yana da ɗan'uwa a Arewa da bai san halin da yake ciki ba. Wane marubucinmu ne ya tsaya a kan zuciyar wannan mutum?

Za a ce mana ai hidimar mishan tarko ce ta jawo mutane ga addini. To, ko da haka ne a wani wurin, mai ɓoye Musulmi a ƙarƙashin gadonsa, matasa na bugun ƙofa da adduna, wane wa'azi yake shiryawa? Za a kuma ce su ma sun zubar da jininmu. Gaskiya ne, kuma mu ma akwai 1966 a wuyanmu. Shi ya sa alherin ya yi tsada, domin kyautar mai ƙoshi ba a bakin komai take ba idan aka auna ta da ta mai jin yunwa. Littafinsu ya yabi gwauruwar da ta ba da 'yan kuɗinta na ƙarshe, namu ya yabi mutanen Madina da suka fifita baƙi a kansu suna cikin buƙata. Sahabbai ma a wurin sarki Kirista, Najjashi na Habasha, suka fake. Mu dubi Fasto James Wuye na Kaduna, wanda ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, ya koma aikin sulhu tare da Imam Muhammad Ashafa tun daga 1995.

Mun ji daɗi da duniya ta karrama Liman Abdullahi Abubakar, wanda ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a ƙasar Barikin Ladi a 2018. Adalci shi ne mu nemo takwarorinsa na can mu ambace su. Ɗalibanmu da ke yawon neman kan magana don kundin digiri, ga dattawan Asata nan da labari a bakinsu, kuma ƙasa tana ɗibarsu ɗaya bayan ɗaya. Hausawa dai sun ce yaba kyauta tukuici.